Shiga Daji Da Hawan Duwatsu: Yadda Za Ka Je Lafiya Ka Komo Lafiya

Maganarmu ta yau ta shafi duk wanda ƙafarsa ta kan kai shi daji, musamman ku mutanen ƙasar Batsari da Safana da ke zaune a bakin dajin Runka. Wannan daji yanki ne na babban dajin nan da a ke kira Rugu, wanda ya bi yammacin Jihar Katsina har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. A takardun gwamnati a kan kira shi gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai. Akwai duwatsu a cikinsa, da koramu, da kwazazzabai masu zurfi waɗanda ruwan damina ya haƙa shekara da shekaru.

Kowa da abin da ke kai shi. Wani itace ya ke nema, wani ciyawa, wani zuma. Mata su kan je tsintar kaɗanya da ɗorawa da tsamiya. Makiyayi kuwa can ne gidansa, tun kafin Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Akwai kuma masu zuwa don kallo kawai, kamar 'yan makaranta da malamansu. A waɗansu ƙasashe wannan irin yawo babban abu ne. A Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai gandun daji inda kwazazzabai su ke gangarawa har kusa da bakin teku, an share 'yan hanyoyi an kafa alamu, ga ma'aikata masu tsaro, mutane na zuwa su wuni suna tafiya a ƙasa. Mu ma muna da Yankari a Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962.

To, amma a dajinmu babu alamar hanya, babu famfo, babu ma'aikacin da zai zo ya ɗauke ka in ka faɗi. Saboda haka abin da na ke so ka riƙe shi ne wannan: lafiyar mai shiga daji tun daga gida a ke shirya ta. Mu da ke aiki a ɗakin magani mun sani, yawancin waɗanda a ke kawo mana daga daji a kan amalanke ko a bayan babur, abin da ya kayar da su ƙaramin abu ne wanda da an yi tanadinsa da safe, da bai faru ba.

Ka Fara Tambaya

Kafin maganar ruwa da takalmi, akwai maganar da ta fi su. Kowa ya san dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga cikin shekarun nan. A watan Fabrairu na 2020 an kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutane da yawa. A Disamban wannan shekara kuma aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su cikin daji a ƙasa. Halin tsaro ya kan sake daga wata zuwa wata, daga gari zuwa gari.

Saboda haka kada ka shiga sai ka tambayi mai gari ko mai unguwa, da jami'an tsaro na wurin, ka ji iyakar inda a ke zuwa a wannan lokaci. In sun ce kada a je, to, ka haƙura. Baƙo da mai yawon kallo, su kam ba su da hujjar shiga ko kaɗan sai hukuma ta yarda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sauran abin da zan faɗa ya shafi wanda aka tabbatar masa hanya lafiya, kuma zai amfane ka a kowane daji da kowane dutse ka nufa.

Kada ka tafi kai kaɗai. Mutum uku sun fi biyu, gama in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman gudummawa. Ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa da lokacin da za ka komo, don in rana ta faɗi ba su gan ka ba su san inda za su bi. Wayar hannu tana da amfani, ka cika ta da caji, amma kada ka dogara da ita, domin cikin kwazazzabo da bayan dutse sau da yawa ba ta kamawa.

Ruwa Da Rana

Babban abokin gāban mai tafiya a ƙasarmu ita ce rana. Cikin bazara, watau Maris da Afrilu da Mayu, zafi ya kan kai digiri 40 a inuwa, a kan falalen dutse kuwa ya fi haka nesa. Mutumin da ke tafiya cikin irin wannan zafi ya kan zubar da gumi kamar lita guda cikin awa ɗaya. Gumin nan daga jikinka ya ke fita, tare da gishiri. In ba ka mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, ƙarfi ya ƙare.

In wuni za ka yi, ka ɗauki ruwa galan guda, watau lita huɗu da rabi, kai kaɗai. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, kada ka jira sai ƙishirwa ta matsa maka. Fitsarinka shi ne ma'auninka: in fari ne, jikinka yana da ruwa, in ya yi ja ya ragu, kana bukatar sha. Ga wata ƙa'ida mai sauƙi. Sa'ad da ka ga ruwanka ya kai rabi, ka juya gida, ko da ba ka kai inda ka nufa ba.

Ka fita da asuba. Da hantsi ya ɗaga sosai ka nemi inuwa, ka zauna har rana ta karya bayan azahar. Sannu ba ta hana zuwa. Ka sa malfa ko ka naɗa rawani, da riga mai haske mai dogon hannu. Ka riƙe guzuri, ko fura, ko ƙuli-ƙuli, ko dabino, gama yunwa da ƙishirwa tare su ke kayar da mutum. Mai azumi, da tsoho, da mace mai ciki, da mai ciwon sukari ko hawan jini, kada su ɗauki doguwar tafiya cikin bazara.

In ɗan'uwanka ya fara jiri, da ciwon kai, da tashin zuciya, tsokar ƙafarsa tana ɗaurewa, rana ce ta fara taɓa shi. Kwantar da shi a inuwa, kwance masa tufafi, ba shi ruwan gishiri da sukari. Ga yadda a ke haɗa shi: ruwa mai tsabta lita guda, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma in ya fara sambatu, ko yana tangaɗi kamar mai maye, ko ya suma, jikinsa kuwa zau kamar wuta, wannan bugun rana ne, yana kisa cikin ɗan lokaci. Ba iskokin daji ba ne. Ku jiƙa jikinsa duka da ruwa, ku yi ta yi masa fifita, ku nufi asibiti da shi kuna ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hankalinsa kada a ɗura masa kome a baki, don kada ya shaƙe.

Ruwan Tafki Da Na Korama

Mai ƙishirwa ba ya zaɓen ruwa, shi ya sa na ce ka ɗauko naka daga gida. Ruwan tafki da na gurbin dutse dabbobi sun sha, sun yi kashi a ciki. Daga nan a ke samun zawo da atuni da taifot da amai da gudawa. In ya zama dole, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta, sa'an nan ka dafa shi ya tafasa sosai na minti ɗaya, ya huce, kana ka sha.

Manya sun tuna da kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi daidai lokacin noma. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka yaƙe shi, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da shi. Wannan ya nuna maka abin da ɗan ƙyalle zai iya yi.

Amma tsargiya tana nan. Ƙwayarta tana girma cikin ƙananan dodon koɗi da ke ruwa marar gudu. Ba sai ka sha ba: in ka yi wanka ko ka tsaya a ciki, sai ta huda fatarka ta shiga jini. Bayan 'yan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Waɗansu su kan ce alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, cuta ce, in ta daɗe ta kan ɓata mafitsara da ƙoda. Akwai ƙwayar maganinta a asibiti. Kome zafin rana, kada ka faɗa tafki, kada kuma ka yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa, gama ta haka ne cutar ke komawa ga wani.

Kwazazzabo Da Dutse

Da rani korama hanya ce mai daɗin bi, ga rairayi ga inuwa. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta da Satumba, tarko ce. A kan yi ruwa can nesa a kan tudu, kai kuwa inda ka ke rana tana haskawa. Ƙasar duwatsu ba ta shan ruwa, sai duk ya taru ya gangaro lokaci guda. In ka ji ƙugi daga sama, ko ka ga ruwa ya fara ja yana ɗauke da kara da itace, ka hau gaɓa nan da nan, ka bar kayan. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa ya isa ya kayar da ƙato. Ka zauna ka jira, irin wannan ruwa ya kan janye cikin 'yan awoyi. Kada ka kwana cikin korama, kada ka ɗaure dabba a ciki.

Bakin kwazazzabo ma abin tsoro ne. Ruwa ya kan ci ƙasar ta ƙarƙashi, sama kuwa ta zauna kamar lafiya, kana takawa sai ta zabtare da kai. Ka ja baya kamar taku uku daga baki, ka kuma kwaɓi yara.

Wajen hawan dutse, ka tuna sauka ta fi hawa wuya. Kada ka hau inda ba ka ga yadda za ka sauko ba. Falalen dutse in ya jiƙe, ko gansakuka ta kama shi, santsi gare shi kamar sabulu. In hadari ya taso ka sauko, domin aradu ta fi faɗa wa wuri mai tsawo, da ƙwanƙolin dutse, da itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili. Ka kuma lura da ƙudan zuma a tsagar dutse da kogon kuka. In sun taso, ka rufe fuska da riga ka yi nisa.

In mutum ya faɗo ya karye, a samo sanda biyu a sa gefe da gefe, a ɗaure da ƙyalle yadda gaɓar ba za ta motsa ba. Kada a matse. In yatsu suka yi sanyi ko suka kumbura, a sassauta. Ɗauri mai tsanani ya kan tsare jini, hannu ya ruɓe, har a kai ga yanke shi. In ƙashi ya huda fata, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Wanda ya bugu a wuya ko gadon baya kuwa, kada a naɗe shi a kan babur. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, wani ya riƙe kansa, a ɗauke shi a miƙe.

Macizai Da Kunama

Macizai uku ya kamata ka sani. Na farko kububuwa, wadda a ke yi wa kirari gobe da nisa. 'Yar ƙarama ce, launin ƙasa gare ta, amma ta fi kowane maciji kisa a Arewa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya warke, bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita ta dasashi da hanci da fitsari. In ba a yi allura ba, cikin mutum goma ɗaya ko biyu su kan mutu. Na biyu kasa, mai kauri mai nauyin jiki, ba ta gudu, sai an taka ta. Saranta ya kan kumbura ƙafa ƙwarai har nama ya ruɓe. Na uku gamsheƙa, mai fasa kai, wanda ya kan tofa dafi a ido.

Yawancin sara a ƙafa ne da idon sawu, sai kuma hannu. To, ka ga maganinsa: takalmi rufaffe, wanda ya rufe idon sawu, da dogon wando. Silifa da fāɗe ba su tsare kome. Ka riƙe sanda kana bugun ciyawa a gabanka. Kada ka zura hannu cikin rami, ko suri, ko ƙarƙashin dutse, ko da ka ga gafiya ta shiga. Kafin ka ɗauki damin itace ka juya shi da sanda. Da dare ka riƙe tocila. Macizai sun fi yawo a farkon damina da lokacin kaka.

In an yi sara, ga abin da za a yi. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da munduwa da takalmi tun kafin kumburi. A sa wa gaɓar sanda kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya yi gudu. A kan babur a sa shi tsakanin mutum biyu. A nufi babban asibiti, ko Batsari, ko Dutsin-Ma, ko Katsina, a tambayi inda a ke da allurar dafin maciji. In yana amai a kwantar da shi a gefe guda.

Ga kuma abin da ba za a yi ba. Kada a tsaga wurin da aska, gama wanda kububuwa ta sara jininsa ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa. Kada a ɗaure da igiya ko roba. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini. Baƙin dutsen da a ke mannawa ba ya zuƙe dafi. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Ko wanda aka yanke wa kai ya kan yi sara. Na san akwai masu cewa wane ya sha magani a gida ya tashi. Dalili shi ne, ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, kuma ba kowane maciji ke da dafi ba. Amma kai ba ka da hanyar sanin wanne ne ya same ka. A asibiti a kan ɗebi jini kaɗan a sa a kwalba, a jira minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a yi allura. Likitoci a Zariya ne suka bayyana amfanin wannan gwaji cikin shekarun 1970, ga shi yanzu ana yinsa a ƙasashe da yawa. A Kaltungo ta Jihar Gwambe ma akwai asibiti musamman don saran maciji.

In gamsheƙa ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa, kada a murza, sa'an nan a zo a duba. Kunama kuwa, babba ya kan sha zafi ne ya warke, amma ƙaramin yaro in ya fara gumi da amai da dalalar miyau, a kawo shi da gaggawa. Ka riƙa kakkaɓe takalmi da tabarma kafin ka yi amfani da su.

Ƙananan Raunuka Da Bayan An Komo

Kada ka raina ƙaya ko kututture. Ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni mai zurfi ta ke shiga. A wanke rauni da ruwa da sabulu, a rufe. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu. Ka zo ɗakin magani a duba ko kana bukatar allurar rigakafi. In kare ko dila ko wata dabbar daji ta cije ka, ka wanke da sabulu har minti 15, ka zo a ranar, gama ciwon haukan kare in ya bayyana ba ya da magani.

In za ka kwana a daji ka ɗauki gidan sauro. Da hunturu ka ɗauki bargo, ka kashe wutar da ka hura kafin ka tashi, don gobarar daji ta fi mutum gudu in iska na kaɗawa. Hazo kuma ya kan ɓoye dutsen da ka saba gane hanya da shi. In ka ɓace, kada ka yi ta zagaye har ƙarfinka ya ƙare. Ka zauna a inuwa, ka adana ruwanka, ka riƙa kira, mutanen da ka gaya wa inda ka nufa za su zo.

Da ka komo gida ka yi wanka, ka duba hamata da matsematsi ko kaska ta kama ka. In zazzaɓi ya zo cikin mako ɗaya zuwa uku, ka zo a gwada jininka, ka kuma gaya wa malamin asibiti inda ka je, da ruwan da ka sha, da naman da ka taɓa.

Ga kayan da za ka tanada tun da dare: ruwa, guzuri, gishiri da sukari a ƙulle, takalmi rufaffe, malfa, sanda, tocila, sabulu, da ƙyalle mai tsabta. Duk ba su fi ƙarfin talaka ba, ba su kuma fi ƙarfin kafaɗa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda, uwa kuma ta gaya wa yaran da ta ke aika itace.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a dazuzzukanmu, ya kai kowa lafiya ya komo da shi lafiya. Sai mun sake saduwa.